Karkarwar atom da wutar da ba ta gamuwa da turjiya: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina koyar da fiziks a nan Kaduna, kuma duk zangon da muka iso babin wutar lantarki sai an sami ɗalibin da zai miƙo mini waya: ya ga bidiyon ɗan maganaɗisu yana shawagi a iska bisa wani baƙin faifai mai tururin sanyi. Wasu tambayoyin da ke ƙasa daga aji suka fito. Wasu kuma daga bakin wani aminina mai naɗin kwayil a Panteka, wanda ya fi ɗalibaina da yawa sanin halin wayar jan ƙarfe, domin hannunsa ya sha ƙuna a kanta.

Malam, mene ne abu marar turjiya?

Kowace waya tana ɗan tirje wa wutar da ke bi ta cikinta, kuma wannan turjiyar ce ke zama zafi. Ita ke sa dutsen guga ya yi aiki, ita kuma ke ƙona kwayil. Akwai abubuwan da idan aka sanyaya su ƙasa da wani mataki, turjiyar takan ɓace gaba ɗaya, ta koma sifili. Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara ganin haka a garin Laidin na ƙasar Holan a 1911, lokacin da ya sanyaya zaiba zuwa digiri 4.2 a ma'aunin Kelbin, wato kimanin digiri 269 ƙasa da sanyin ƙanƙara. A 1933 Meissner da Ochsenfeld suka gano hali na biyu: irin wannan abu yana korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. Daga nan shawagin da ake gani a bidiyo ya samo asali.

Duk inda na rubuta K a ƙasa, Kelbin nake nufi. A cire 273 a sami ma'aunin da muka saba da shi.

Mece ce saƙar atom, kuma me ke sa ta karkarwa?

A cikin ƙarfe atom-atom suna jere sahu-sahu, tazara iri ɗaya, gaba da baya da sama da ƙasa. Wannan jerin nake kira saƙa, don ya yi kama da zare da aka ɗaura a masaƙa. Kowane atom yana riƙe da maƙwabtansa, saboda haka idan ɗaya ya motsa sai motsin ya bi layi ya ratsa saura, kamar yadda za ka taɓa igiyar shanya daga wannan bakin ka ga wancan bakin ya amsa. Atom ba ya taɓa tsayawa cik. Yana kai da komo sau tiriliyoyi a daƙiƙa ɗaya, kuma iya zafi iya ƙarfin karkarwa.

A wannan ƙaramar duniya karkarwa ba ta zuwa yadda aka ga dama, sai a ƙulli-ƙulli, kamar gishirin mai tebur da ba ya sayar da rabin ƙulli. Kowane ƙulli na karkarwa masana suna kiransa fonon. Idan ka ji an ce elektiron, wato ƙwayar da ke ɗaukar wuta a cikin waya, ya yi mu'amala da fonon, ana nufin ya ba saƙar ƙullin karkarwa ɗaya ko ya karɓa daga gare ta.

Aminina na Panteka ya san sakamakon wannan tun kafin ya ji sunansa. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari duk lokacin da zafinsa ya hau digiri 10. Saƙa ce ke ƙara karkarwa, elektiron suna ta karo da ita. Shi ya sa injin da ya yi lafiya da hunturu yakan wahala a watan Afrilu.

To idan karkarwa ce ke kawo turjiya, ta yaya kuma za ta kawar da ita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi burge ni a dukan fiziks, kuma ta ɗauki masana shekara 46 kafin su amsa ta.

Elektiron duk cajinsu iri ɗaya ne, mai alamar ɗebewa, don haka gaba ce tsakaninsu, kowa yana ture ɗan'uwansa. Atom ɗin saƙa kuwa, da yake sun saki wasu elektiron nasu, cajinsu mai alamar tarawa ne. Idan elektiron ya ratsa tsakanin sahu biyu, atom na dama da na hagu sukan ɗan sunkuyo wajensa. To amma shi marar nauyi ne ƙwarai, gudunsa kuma ya wuce misali, su kuwa sun ninka shi nauyi sau dubbai. Kafin su gama sunkuyowa ya yi nisa, kafin su miƙe ya ƙara nisa. Abin da ya bari a baya shi ne wani ɗan layi inda cajin tarawa ya taru fiye da kima. Elektiron na biyu da ya zo wucewa sai wannan layin ya ja shi.

Ku lura da abin da ya faru. Masu gabar nan biyu ba su haɗu ba, ba su gaisa ba, amma ciniki ya faɗa tsakaninsu, domin akwai dillali. Saƙa ta karɓa daga hannun na farko, ta riƙe na ɗan lokaci, ta miƙa wa na biyu. Nawar da atom ke yi ita ce sirrin abin: da a take suke amsawa, da elektiron biyun sun tarar da juna a wuri ɗaya, gabar ta rinjayi jan.

A 1956 Leon Cooper ya nuna cewa komai ƙanƙantar wannan jan, ya isa ya ɗaure elektiron bibbiyu a cikin ƙarfe mai sanyi. A 1957 shi da John Bardeen da Robert Schrieffer, a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, suka fitar da cikakken bayani, wanda ake kira BCS da harufan farko na sunayensu, aka ba su kyautar Nobel a 1972. Abin da suka gano shi ne, da zarar an yi bibbiyu, dukan ma'auratan sukan shiga tafiya ɗaya, taku ɗaya. Ba a iya kautar da ɗaya sai an biya kuɗin raba auren, kuma a cikin tsananin sanyi ƙananan kararraki ba su da wannan kuɗin. Zafi na hawa, karkarwar ta yi yawa ta tsinke auren, turjiya ta dawo.

Inda misalin dillali ya gaza shi ne nan: kada a zaci ma'auratan suna tafe kafaɗa da kafaɗa. A cikin alminiyom tazarar da ke tsakaninsu ta kai tsawon atom dubbai, kuma a cikin wannan tazarar akwai wasu ma'auratan bila adadin, duk sun sarƙe da juna.

Wa ya gani da idonsa? Ko dai lissafi ne kawai?

Shaidar ta riga bayanin zuwa. Sinadari ɗaya yakan zo da nauyi daban-daban, abin da ake kira aisotop: halinsu ɗaya, cajinsu ɗaya, sai dai wani ya fi wani nauyi. A 1950 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka gwada zaiba mai nauyi da marar nauyi, suka tarar mai nauyin sai an ƙara sanyaya ta kafin turjiyarta ta ɓace. Elektiron ba ruwansa da nauyin atom. Abin da nauyi ke canzawa shi ne saurin karkarwa, kamar yadda babbar ganga ta fi kalangu kaurin murya. Tunda canza nauyi ya motsa matakin sanyin, lalle karkarwa tana da hannu. A shekarar ce kuma Herbert Fröhlich ya kawo wannan tunani ta hanyar lissafi.

A riƙe wannan gwajin, domin za mu sake komawa kansa har sau huɗu.

Me ya sa jan ƙarfe, da ya fi kowa kai wuta, ba ya cikin jerin marasa turjiya?

Wannan ta aminina ce. Jan ƙarfe da azurfa da zinariya suna kai wuta da kyau ne domin elektiron ɗinsu ba su cika kula saƙa ba. Wanda ba ya kula dillali kuwa ba a ƙulla masa ciniki. Darma, wadda ba mai yin wayar gida da ita, elektiron ɗinta suna manne wa karkarwa sosai, sai ga ta tana rasa turjiya a 7.2 K. Alminiyom sai an kai 1.2 K.

Da ake cewa wasu marasa turjiyar masu jure zafi ne, zafin nawa ake nufi?

Sunan yana ruɗar mutane. Har farkon shekarun 1980 mafi girman matakin da aka sani 23 K ne, kuma masana da yawa sun ɗauka da wuya dillancin karkarwa ya wuce 30 zuwa 40 K. Dalilinsu mai ƙarfi ne: idan jan da ke tsakanin elektiron da saƙa ya yi yawa, saƙar takan lanƙwashe ta sake siffa, ko kuma elektiron ya nutse a ramin da ya haƙa wa kansa ya kasa tafiya.

A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken IBM kusa da Zurik, suka sami 35 K a cikin wani tangaran mai ɗauke da jan ƙarfe da oksijin. Shekara na zagayowa aka ba su Nobel. A farkon 1987 ƙungiyar Paul Chu da Maw-Kuen Wu a Amurka ta kai 93 K da wani ɗan'uwansa da ake kira YBCO. Wannan ne ya girgiza duniya, domin ya haye 77 K, sanyin ruwan naitirojin, wanda daga iskar da muke shaƙa ake tace shi kuma ya fi ruwan hiliyom araha nesa ba kusa ba. A 1993 aka kai 133 K da wani mai ɗauke da zaiba. Wannan fa digiri 140 ne ƙasa da ƙanƙara. Mu da hunturun Kaduna kan sa mu hura wuta a tsakar gida, zafin nasu sunan kawai ne.

Shin dillalin nan ɗaya ne a cikin tangaran mai jan ƙarfe?

Nan aka rabu, kuma har yau ba a gama haɗuwa ba.

Abin mamaki, Bednorz da Müller neman abu mai ƙarfin mu'amala da saƙa ne ya kai su ga wannan tangaran. Amma da aka maimaita gwajin nauyi a 1987, aka musanya oksijin mai nauyi 16 da mai 18 a cikin YBCO, matakin bai motsa ko da digiri ɗaya ba, alhali lissafin BCS yana sa ran digiri da dama. Mutane da yawa suka ce to, an wanke karkarwa daga wannan magana.

Akwai wasu dalilan. Wutar tana gudana ne a cikin wasu shimfiɗu sirara na jan ƙarfe da oksijin, kamar tabarmi da aka jibga, da wasu atom a tsakani. Asalin tangaran ɗin, kafin a yi masa gauraye, ko kaɗan ba ya kai wuta. Elektiron ɗinsa sun tsani juna har kowane ya zauna a kan atom ɗinsa ya ƙi motsi, kamar motoci a cunkoson Kawo inda ba mai matsawa sai an sami gurbi. Kowane elektiron kuma ɗan ƙaramin maganaɗisu ne, kuma a nan sun jeru ɗaya sama, na kusa da shi ƙasa. Sai an zare wasu, an buɗe guraben, sannan tafiya take samuwa. Matakin ya fi hawa idan aka zare kimanin 16 daga kowane atom ɗari na jan ƙarfe. Tun 1987 Philip Anderson ya dage cewa a wannan tsarin maganaɗisu amsar take.

Sai kuma siffar auren. A darma da zaiba ƙarfin ɗaurin kusan ɗaya ne ta kowace fuska. Gwaje-gwajen 1993 da 1994 sun nuna na tangaran yana da kunnuwa huɗu, kusan siffar dagin Arewa, biyu masu alamar tarawa, biyu masu alamar ɗebewa, tsakaninsu kuma babu ɗauri sam. Wannan siffa ce ta ma'auratan da ke gudun haɗuwa a wuri ɗaya, kuma ita ce lissafi ke bayarwa idan kaɗawar maganaɗisu ce dillali. Karkarwar saƙa ita kaɗai ba ta cika haifar da ita ba.

Ke nan an sallami karkarwa?

An so a sallame ta, ta ƙi tafiya. Da aka sake gwajin nauyi a tangaran da ba a zare masa elektiron da yawa ba, sai matakin ya motsa sosai, wani lokaci har ya kai ko ya wuce abin da BCS ke faɗa. A 2001 Alessandra Lanzara da ƙungiyar Zhi-Xun Shen ta Jami'ar Stanford suka ba da rahoton cewa a cikin tangaran iri daban-daban, saurin elektiron yakan karye kwatsam a wajen wani ƙarfi, kimanin mili-elektiron-bolt 70, daidai inda atom ɗin oksijin ke karkarwa. Suka ce ga sawun fonon. Wasu suka ce a'a, sawun maganaɗisu ne, domin akwai wata kaɗawar maganaɗisu a YBCO a wajen 41, ba nisa. Wahalar ke nan: waɗanda ake zargi biyu ne, kuma takalminsu kusan lamba ɗaya.

Akwai kuma wuraren da karkarwa ke yi wa auren kishiya. A 1995 aka gano cewa a wasu tangaran caji yakan jeru layi-layi kamar zanen atamfa, saƙar ta ɗan karkace ta riƙe layukan, matakin rasa turjiya ya faɗi ƙasa warwas. A 2012 aka ga makamancin haka a YBCO kansa.

Misalin da ya fi gamsar da ni daga wani dangi ya fito, na baƙin ƙarfe, wanda ƙungiyar Hideo Hosono ta Japan ta buɗe ƙofarsa a 2008. Haɗin baƙin ƙarfe da seleniyom yana rasa turjiya a 8 K kawai. A 2012 masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta Sin suka shimfiɗa falle ɗaya tak nasa a kan wani dutse mai oksijin, sai alamun auren suka bayyana a zafin da ya ninka haka sau da yawa. A 2014 aka ga sawun karkarwar oksijin ɗin dutsen a jikin elektiron ɗin fallen. Fassarar da masana da dama suka yi ita ce maganaɗisu ya ƙulla, karkarwa ta ƙara ɗaurewa.

Da me ake ganin duk wannan?

Hanya ɗaya ita ce a haska abu da haske mai ƙarfi har elektiron su fito, a auna ƙarfinsu da kusurwar da suka bi, daga nan a san yadda suke tafiya a ciki. Da ita aka ga karyewar 2001. Ta biyu, a harba niyutiron ko hasken eksire, a ga ƙarfi nawa suka rasa, wannan ya nuna sautin karkarwar saƙa. Ta uku allura ce mai tsinin atom ɗaya da ke bin fuskar abu tana auna wuta wuri-wuri.

An ce an kusa kaiwa zafin ɗaki. Da gaske ne?

An matso, kuma ta tsohuwar hanya. A 2001 ƙungiyar Jun Akimitsu a Tokiyo ta sami 39 K a haɗin magniziyom da boron, gwajin nauyi kuma ya tabbatar karkarwar boron ce ke aiki. Darasin shi ne atom marar nauyi yana karkarwa da sauri, saurin kuma yana ɗaga mataki. Wa ya fi haidirojin rashin nauyi? Neil Ashcroft ya faɗi haka tun 1968. A 2015 ƙungiyar Mikhail Eremets a Mainz ta Jamus ta matse haɗin haidirojin da farar wuta tsakanin lu'ulu'u biyu ta sami 203 K. Da suka sa haidirojin mai nauyi, matakin ya sauka, kamar zaibar 1950. A 2019 aka kai kimanin 250 K da haɗin lantanom da haidirojin, wato digiri 23 ƙasa da ƙanƙara, kusan sanyin firiza.

Sai dai matsin da ake bukata ya haura ninki miliyan ɗaya da rabi na matsin iskar da ke kanmu, kusan rabin na tsakiyar duniya, kuma samfurin bai kai kaurin gashi ba. Ba a yin waya da shi.

Labarin da ya cika Facebook a 2023 fa?

LK-99 ke nan, wani abu daga Koriya ta Kudu da aka yi iƙirarin a watan Yuli cewa yana rasa turjiya a zafin ɗaki ba tare da matsi ba. Cikin makonni ɗakunan bincike a ƙasashe da dama suka haɗa shi, suka tarar ba ya rasa turjiya. Faɗuwar turjiyar da aka gani daga wani gurɓataccen sinadari na jan ƙarfe da farar wuta ta fito. Idan irin wannan labari ya sake zuwa, a tambayi abu uku: turjiyar ta kai sifili? Ya kori maganaɗisu? Wasu da ba su da alaƙa da masu iƙirarin sun maimaita sun samu?

Kai Malam, wane ɓangare kake?

A tangaran mai jan ƙarfe ina tare da masu cewa gabar elektiron da maganaɗisunsu ne jagora, domin siffar kunnuwa huɗu hujja ce mai nauyi. Amma ba na yarda da littafin da zai rubuta cewa saƙa 'yar kallo ce. Oksijin ɗin da ke karkarwa shi ne gadar da elektiron ke bi daga wannan jan ƙarfe zuwa wancan, kuma ta kansa maganaɗisun maƙwabta ke jin juna. Idan gadar ta motsa, duka biyun sun motsa. Ina ganin tambayar "wanne ne daga ciki" ita ce ta ɓata mana lokaci, kuma wanda zai iya lissafa su tare shi zai faɗa mana dalilin da ya sa tangaran mai zaiba ya kai 133 K alhali na farkon bai wuce 40 ba, ga shi shimfiɗar jan ƙarfe da oksijin ɗinsu iri ɗaya ce.

Mu a Kaduna me zai amfane mu?

Wutar da ke tasowa daga Shiroro zuwa tashar Mando, ta rarrabu cikin unguwanni, wani kasonta yana ƙarewa a matsayin zafi a waya da taransifoma. Waya marar turjiya za ta rage wannan. A birnin Esen na Jamus an binne irinta mai tsawon kilomita ɗaya a 2014, aka riƙa sanyaya ta da ruwan naitirojin. Amma ba zan yaudari kowa ba: tana da tsada, tangaran yana da saurin karyewa, kuma injin sanyayawar kansa yana son wutar da ba ta yankewa. Abin da ke damun layukanmu yau, waya mai kyau da taransifoma isassu za su magance shi. Inda abin ya riga ya taɓa rayuwarmu shi ne asibiti: maganaɗisun yawancin na'urorin MRI wayar niyobiyom da taitaniyom ce a cikin ruwan hiliyom, kuma tsadar hiliyom tana cikin kuɗin da majinyaci ke biya.

Ɗalibi a nan zai iya sa hannu, ba mu da irin waɗannan na'urori?

Zai iya, ta ɓangaren lissafi. Kafin a auna 203 K a Jamus, masu bincike a Jami'ar Jilin ta Sin sun riga sun hango kusan wannan adadi a kwamfuta a 2014. Manhajar Quantum ESPRESSO kyauta ce, kuma tana lissafa karkarwar saƙa da ƙarfin mu'amalarta da elektiron. Ɗalibin KASU ko ABU Zariya da ya riƙe lissafinsa da kyau, ya koyi Linux, zai iya farawa da darma, mai atom ɗaya a kowane ɗaki na saƙa, ya ga ko zai sami kusa da 7 K. Idan ta fito, ya koma kan magniziyom da boron, atom uku ne kacal, ya nemo wace karkarwa ce daga cikin tara ke ɗauke da yawancin aikin.